Kakar da Harlan Ya Zaunar da Wendell a Benci

Brennard, Kansas
21 ga Satumba, 1953

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Delbert da duk mutanen Corwin. Yaya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura in kin daɗe a zaune? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Harlan yana gaishe ku, 'yarmu Joyce kuma ta ce lallai in gaya miki haƙorinta na gaba ya fito.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya, don kin san layinmu ɗaya ne da maƙwabta. Ko tari na yi a kan wayar, kafin azahar an san ina mura har bakin kasuwa.

Tunda ƙafa ta hana ki zuwa kallo, bari in ba ki labarin ɗanki da bakina, kada ki tsaya a kan na Delbert kaɗai. Ranar Asabar muka buɗe kakar wasan ƙwallon Amurka, muka ci, mu ashirin da bakwai, su shida. Yaya, Wendell ya yi abin a yaba. Shi ne mai jefa ƙwallo na kwalejin yanzu, shi ke faɗa wa sauran goman abin da za a yi, kuma suna jin maganarsa. Akwai wata jifa da ya yi tun daga tsakiyar fili, ƙwallon ta tafi tana juyi kamar ba za ta sauko ba, ta faɗa a hannun yaronmu a bayan layi. Na tashi ina ihu har hulata ta faɗa kan wani tsoho. Jiya bayan coci ya zo cin abinci kamar kullum, ya cinye rabin gasasshen naman, ya ce, "Inna, kada ki gaya wa Mama, amma romonki ya fi nata." To, na gaya miki.

Garin nan duk ya zama namu. Mahauci ya ƙara mini ƙashin miya bai karɓi komai ba, yana ta "Matar Koci, matar Koci."

Sai dai ina da magana ɗaya, kuma ki yi haƙuri da ita. Mun gode da sabon allon maki da Delbert ya saya wa kwaleji, ko da yake sunansa a jiki ya fi lambobin girma, mutum sai ya karanta "Rumbunan Alkama na Stroud" sau biyu kafin ya gano wa ke ci. Amma sayen allo da zama a kwamitin amintattu ba su mai da shi koci ba. Ana tsakiyar wasa ya sauko har gefen fili da sigarinsa, yana gaya wa Harlan wanda zai cire da wanda zai sa. Harlan bai ce masa komai ba, kin san shi. Ni ce nake cewa. Kuma abin da kika faɗa a gaban matan cocinku, wai da ma ai dole Wendell ya samu wuri tunda mijin ƙanwarki ne koci, ya dawo kunnena. Wannan rage wa yaron daraja ne. Harlan ba ya sa mutum a fili don dangi, da guminsa ya samu.

Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. A gaida kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Opal


Brennard, Kansas
12 ga Oktoba, 1953

Yaya Verna,

Bayan gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya, ƙafa kuma da sauƙi. Mu ma lafiya, in ban da abin da kika sani.

Jiya kin kira ni, kin faɗi naki, kin kife waya tun ban buɗe baki ba. Gidaje biyar sun ji kina cewa mijina ya tozarta ɗanki saboda baƙin cikin arzikin Delbert. To, takarda ba a kife ta. Ki karanta.

Wasanni uku muka ci a jere kafin na shekaranjiya, kuma shi ma muna gaba da maki goma sha uku. Bayan hutun rabin lokaci Wendell ya ja baya zai yi jifa, wani ƙaton yaro ya zo masa ta gefen da ba ya gani, ya ɗauke shi ya maka da ƙasa. Ina can sama a cikin 'yan kallo, amma na ji ƙarar hular kwanonsa. Ya daɗe a kwance. Da ya tashi mutane suka yi ta tafi. Sai ya taka a hankali ya shiga cikin da'irar abokan hamayya, ya sunkuya tare da su yana ba su umarni. Masu jajayen riguna, Yaya, mu kuma shuɗi muke sawa. Wasu suka yi dariya. Harlan bai yi ba. Ya shiga filin da kansa ya kamo hannunsa ya fito da shi, ya zaunar da shi a benci, ya sa wani siririn yaro a madadinsa. Muka sha kashi, goma sha huɗu da goma sha uku.

Delbert ya gaya miki wannan? Ko cewa ya yi yaron ya ɗan yi tuntuɓe?

Jiya Wendell ya zo cin abinci. Ya ɗauki butar gahawa ya tsiyaya a kan tebur, gefen kofin, yana kallo bai daina ba sai da Joyce ta yi ƙara. Ya tambaye ni nawa da nawa aka tashi, na faɗa masa. Kafin in yanka kek ya sake tambaya. Daga baya ya fita bayan gida ya amayar da duk abin da ya ci. Harlan ya kira Dakta Lindqvist, likitan kwaleji. Tsohon ya haska masa ido, ya sa shi ya taka a kan layin dabe, ya kasa. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, kuma ba kaɗan ba, in aka sake bugunsa a haka komai na iya faruwa. Ya ce bana kam wasa ya ƙare masa.

Muna cikin haka mijinki ya faɗo mana ko ƙwanƙwasa ƙofa babu.

"Ɗan jiri ne kawai," in ji shi. "A zamaninmu ruwa ake watsa wa mutum ya tashi ya koma fili."

Na ce, "Zamaninku da wa, Delbert? Kai da ba ka taɓa riƙe ƙwallo ba sai in za a ɗauki hoto?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya juya ga Harlan. "Ranar Asabar yaron nan zai buga. Akwai masu zuwa daga manyan ƙungiyoyi don su gan shi."

Harlan ya ce, "Ba zai buga ba."

"Ka san wa ya kawo ka garin nan?"

"Na sani. Ba zai buga ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Lokacin da Harlan yake ɗan wasa, akwai abokinsa da ya sha irin wannan bugu, aka mayar da shi fili a mako na gaba, aka binne shi kafin Kirsimeti. Harlan yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Ba ya son maganar, amma ke kin san ta, don a ɗakin girkinki na ba ki labarin tun kafin mu yi aure.

Ke kika haifi Wendell. Ki shigo mota a kawo ki, ki zauna da shi wuni ɗaya, ki gani da idonki.

Ƙanwarki,
Opal


Brennard, Kansas
2 ga Nuwamba, 1953

Yaya Verna,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye don ba ta da tsawon da za a zauna mata. Kin ce Delbert ya fi mu sanin ɗansa, kuma in daina tsoma baki a harkar maza. Ban san kan ɗanki harkar maza ba ne sai yanzu.

Tunda ba ki tambayi lafiyarmu ba, bari in faɗa miki ba tare da an tambaye ni ba.

Wasa uku muka yi tun daga lokacin, biyu an ci mu, ɗaya da ƙyar muka ci. Siririn yaron nan yana iya ƙoƙarinsa, amma in ya jefa ƙwallo sai ka rasa wa ya nufa. Duk lokacin da ya shiga fili sai 'yan kallo su hau rera sunan Wendell, shi kuma Wendell yana zaune a benci da bargo a kafaɗa ya kau da kai daga Harlan. Jaridar gari ta rubuta cewa kocin Brennard ya mai da fili wurin rama faɗan gida. Ba sai na tambayi wa ya ba su wannan ba, tallar rumbunan Stroud ce ta cika rabin shafin.

Mahaucin da yake kirana matar Koci yanzu sai ya sallami kowa, har wanda ya zo bayana, sannan ya dube ni ya ce, "Me za a ba ki? Ko ke ma a benci za ki zauna?" Shagon duka aka kwashe da dariya. Na ce masa ya riƙe namansa, kaza ma abinci ce. A coci, layin da muke zama ya zama namu mu kaɗai. Ranar Alhamis da safe na fito ɗaukar madara, na tarar an cusa ciyawa a cikin tsohon wando da riga, an rataye a bishiyar ƙofar gidanmu, da usur a wuya, an rubuta sunan gidanmu, PRUITT, a ƙirji. Joyce ce ta fara gani. Shekararta takwas, Yaya. Yanzu ba ta fita wasa lokacin tara a makaranta, don yara suna bin ta suna cewa babanta matsoraci ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Wendell. Ya daina zuwa gidan. Na tare shi a gaban ɗakin karatu, na ce ya zo ranar Lahadi. Ya ce, "Inna, ki gaya wa mijinki ya kashe ni da raina. Shekara guda ce mutum yake samu a gan shi, ya ƙwace mini." Yana maganar yana runtse ido, rana ma ba ta da ƙarfi. Na ce, "Kanka yana ciwo?" Ya ce, "Ba ruwanki." Yaron da na goya ranar da kika kwanta asibiti. Na bi shi da kallo yana sauka daga matakala, yana riƙe da ƙarfen gefe kamar tsoho.

Na ji Delbert ya kai shi wurin wani likita a Wichita, wanda ya buga masa guduma a gwiwa, ya tambaye shi sunansa, ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. Dakta Lindqvist ya ce shi bai janye tasa maganar ba. Sai ga shi kwamitin amintattu ya fara tunanin cewa tsohon ya isa hutu.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na gaji. Gidan nan na kwaleji ne, in aiki ya tafi gida ya tafi. Shekaranjiya na ce wa Harlan, "Ga takardar likita nan, ga uban yaro ya yarda, ga yaron da kansa yana so. Ka sa shi ko na minti biyar ne, mu samu mu sha iska. Kai kaɗai ne mai hankali a Kansas?" Ya ajiye cokali ya ce, "Opal, in na sa shi, ke za ki iya kallo?" Na tashi na shiga wanke kwanukan da na riga na wanke.

Saura wasanmu da kwalejin Halvor, ranar ashirin da ɗaya. Kin san abin da wasan nan yake a garin nan, ko an ci mu duk shekara, in muka ci Halvor an yafe. Kuma bana duk wanda ya ci shi ne zai ɗauki kofin yanki, don su ma sun yi tuntuɓe. Za su matsa wa Harlan lamba fiye da da. Mutum ɗaya ne Delbert yake jin kunyarsa a duniya, ke ce. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa. Ba don mu ba, mu mun saba da ƙunci. Don ɗanki.

Ina jiran amsa.

Ƙanwarki,
Opal


Brennard, Kansas
23 ga Nuwamba, 1953

Verna,

Ina gaisuwa, da kuma ya mai jiki. Allah ya tashi kafaɗarsa.

Jiya a barandar asibiti kin dube ni kin ce, "Me mijinki ya yi wa ɗana?" Kafin in amsa Delbert ya sa aka fitar da mu kamar ɓarayi. Tunda kin tambaya, ga amsa, daga farko har ƙarshe, kuma ki ajiye takardar nan don ba zan sake faɗa ba.

Ranar Juma'a shugaban kwaleji ya kira Harlan ofishinsa. Delbert yana zaune a ciki, da Tolliver, mataimakin Harlan, wanda Harlan ya ɗauko daga koyar da tsalle-tsalle a makarantar firamare ya mai da shi mutum. Shugaban ya ce kwaleji ta gamsu da likitan Wichita, gobe Wendell ne zai fara. Harlan ya ce muddin shi ne koci, a'a. Shugaban ya ce to an gyara wannan, daga yau Tolliver ne koci. Harlan ya cire usur daga wuyansa ya ajiye a tebur. Ya dubi Tolliver ya ce, "Ka ga idon yaron nan kamar yadda na gani." Tolliver ya ce, "Ni ba likita ba ne, Koci." Yana faɗa yana sa hannu a kan usur ɗin.

Daga can Harlan ya wuce ɗakin kwanan 'yan wasa neman Wendell. An sa mai gadi a ƙofa, ya ce an hana shi shiga. Na buga miki waya sau biyu a ranar, mai aikinki ta ce kina hutawa.

Ranar Asabar muka sayi tikiti kamar kowa muka hau sama. Na roƙi Harlan ya zauna a gida, ya ce in abu ya faru yana so ya kasance kusa. Mutane suka yi ta jifanmu da ɓawon gyaɗa, wani ya ce, "Koci, ka zo koyon aiki ne?" Da aka kira sunan Wendell a lasifika, filin kamar zai tsage.

Kuma ya buga, Verna. Ba zan rage masa ba, ban taɓa ganin ya yi wasa irin na ranar ba. Duk inda ya nufa ƙwallo sai ta je. Amma 'yan Halvor ba kurame ba ne, sun ji labarin kansa, kuma kan suka yi ta nema. Kafin hutu sun kayar da shi sau biyu. A na biyun sai da abokansa suka ɗaga shi, ya tsaya yana dafe da kafaɗar ɗaya. Harlan ya miƙe yana ihu, "Tolliver! Fitar da shi!" Muryarsa ta ɓace a cikin badujala. Ya sauka da gudu har bakin shinge, 'yan sanda biyu suka tare shi suka dawo da shi, mutane suna yi masa ature.

Saura kaɗan a tashi, ana kunnen doki goma sha huɗu da goma sha huɗu, muna dab da layinsu. Wendell ya karɓi ƙwallo, ya duba babu wanda zai jefa wa, sai ya sunkuyar da kai ya kutsa cikinsu. Mutum uku suka haɗu a kansa, amma ya tsallaka. Muka ci. Jama'a suka ɓalle shinge, suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga fili da shi. Mijinki ya juyo daga kujerunsa na gaba, ya nemo mu da ido, ya cire hula ya rusuna wa Harlan har ƙasa, mutane suna tafi.

A mota na ce wa Harlan, "To, ga shi ya tashi lafiya. Mun zama wawaye a banza." Ya ce, "Allah ya sa mu zama wawaye." Muka shiga gida.

Jiya mun dawo daga coci ina ɗora tukunya, sai na ji ana taɓa ƙofar baya. Wendell ne. Ba riga mai kauri a jikinsa, ga sanyi, takalmi ɗaya ba a ɗaure ba, ƙwallon wasan tana ƙarƙashin hammatarsa, duk 'yan wasa sun sa hannu a jiki. Ya yi mini murmushi kamar ba mu taɓa saɓawa ba. Ya wuce wurin Harlan ya ce, "Kawu, don Allah ka yi haƙuri da abin da na faɗa. Ka sa ni a wasan Halvor. Na warke, ka gani."

Harlan ya ce, "Wendell, mene ne wannan a hannunka?"

Ya duba ƙwallon, ya juya ta, ya ce, "Ban sani ba. A kan gadona na gan ta." Sai ya ce, "Yaushe ne wasan?"

Idonsa na dama baƙin ya buɗe ya fi na hagu. Ya nemi kujera ya zauna, ya kasa samunta, ya zube a kan dabe yana karkarwa. Harlan ya ɗauke shi a hannu kamar jariri ya sa a mota, ni na riƙe kansa a cinyata har asibiti. Dakta Lindqvist ya ce jini ne yake taruwa a cikin ƙoƙon kai tun ranar Asabar, da ya koma ya kwanta a ɗakinsa da ba a tashe shi ba. A lokacin mijinki yana otal ana shan giyar nasara, sai da aka aika aka nemo shi.

Wannan shi ne abin da mijina ya yi wa ɗanki.

Na ji an wuce da shi Wichita an yi masa aiki. Ba wanda ya gaya mana, a bakin ma'aikaciyar waya na ji. Ko layi biyu ne ki rubuto mini, ya farka ko bai farka ba.

Opal


Brennard, Kansas
9 ga Disamba, 1953

Verna,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta zo jiya. Mun gode Allah da aka sallamo shi ya dawo gida, mun gode Allah da ya gane ki. Na karanta wa Harlan inda kika ce hannun hagu bai dawo ba, magana kuma tana fita da ƙyar, ya fita waje ya daɗe yana share ƙanƙarar da ya riga ya share.

Kin ce kin yi kuka da kika karanta tawa. Na yarda. Ni ma na yi, tun a Oktoba.

Nan gari ya yi tsit. An yi liyafar kofi ranar Asabar, aka ajiye kujera babu kowa a kai da rigar Wendell a rataye, Tolliver ya yi jawabi har da hawaye. Ba a gayyace mu ba. Shugaban kwaleji ya aiko a ce yana baƙin ciki ƙwarai, amma kwamiti ya riga ya yanke, kuma ana bukatar gidan kafin sabuwar shekara. Mutanen da suka jefe mu yanzu in sun hango ni sai su tsallaka titi, ba don ƙiyayya ba, don kada mu haɗa ido. Na fi son lokacin da suke zagi. Wani ɗan jarida ya zo daga Topeka yana son Harlan ya faɗi abin da ya faru, Harlan ya ce yaron yana kwance, ba zai yi faɗa a kan gadonsa ba. Da ni ya tambaya, da ya cika shafi biyu. Harlan ya samu aikin koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Nebraska, za mu tafi bayan Kirsimeti. Ya ce ba zai sake riƙe usur ba.

Yanzu ga maganar da kika rubuto dominta. Kin ce ƙafarki ba ta barin ki ki ɗaga shi, ya ƙi ma'aikaciyar jinya, kina so in zo in taya ki. Kin ce kullum in ya farka sai ya ce ina Koci. Sannan a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, kin ce in zo ni kaɗai, don Delbert ba zai iya ganin Harlan a gidansa ba, tunda har yanzu yana ganin atisayen Harlan mai tsanani ne ya fara raunata yaron. Kin iya rubuta wannan da hannunki, Verna, a takarda ɗaya da wancan.

Za mu zo ranar Asabar, mu biyu, da Joyce. Harlan zai shiga ta ƙofar gaba, ya zauna kusa da yaron da yake kiransa, har sai yaron ya gaji da shi. In Delbert ba zai iya gani ba, yana da ofis, ya je ya wuni a can. In kuma ya tsaya ya buɗe baki a kan atisaye, ni zan amsa masa, a gaban duk wanda yake wurin.

Ni zan zauna har ranar da za mu tashi. Zan yi wa Wendell wanka, in juya shi, in ba shi abinci a baki har ya iya riƙe cokali. Ki sa a gyara mini ƙaramin ɗakin da ke kusa da nasa. Ke kuma zan gaishe ki da safe, in gaishe ki da yamma, in miƙo miki maganin ƙafarki in lokaci ya yi. Kada ki nemi fiye da haka a wurina bana.

Ki gaya wa Wendell Koci yana hanya.

Opal Pruitt